Hannun jarina na kamfanin sadarwa yana ta zamewa, ga jita-jita ga bashi a waje: in sayar ko in riƙe?

Abu Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don kwana uku ke nan barcina rabi da rabi. Shekara biyu da suka wuce na sayi hannun jari a wani kamfani mai ƙera kayan sadarwa, irin na'urorin da kamfanonin waya ke ɗorawa a kan turakun sabis. Ba zan faɗi sunansa ba, kada a ce na zo talla ko ɓatanci. Tun watan jiya farashin yake sauka, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya koma ƙasa da yadda na saya. Sai ga magana tana yawo wai babban kwastomansu ya kasa biya, wasu har suna cewa bankuna sun fara ja da baya. Kamfanin ya fitar da sanarwa mai layi huɗu ya ce babu ƙamshin gaskiya a ciki. Na buɗe rahotonsu na wata uku, na ga ciniki ya ƙaru, riba ta ƙaru, amma bashin da suke bin kwastomomi ya kumbura sosai. To wanne zan kama? Ribar da na gani ko maganar da nake ji?

Ɗan Autan Zaure:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai da ina da kuɗi yanzu ƙarawa zan yi. Kamfani ya ƙaryata, riba tana hawa, farashi ya karye, me ake jira kuma? Masu yaɗa irin wannan magana so suke ku firgita ku zubar, su kwashe a arha.

Ummu Khalil:
Auta, wane kamfani ka taɓa ji ya fito ya ce eh, gaskiya ne, muna cikin matsala? Ƙaryatawa aikin ofishin hulɗa da jama'a ne, da gaskiya da ba gaskiya za su yi ta.

Ɗan Autan Zaure:
To Anti, ashe duk wanda ya ƙirƙiri magana shi ke da gaskiya ke nan?

Tsohon Dillali:
Ku tsaya, kowannenku ya kama gefe ɗaya na igiya. Auta bai yi ƙarya ba, akwai masu cin abinci da faɗuwar farashi. Mutum ya ari hannun jari a wurin dillali, ya sayar yau a kan tsada, yana jiran ya faɗi ya sayo a arha ya mayar wa mai shi, bambancin ya zama nasa. Halas ne a dokar yawancin kasuwanni, abin da doka ta hana shi ne ka ƙirƙiri ƙarya don ka tura farashin ƙasa. Kuma an yi. Ranar 25 ga Agusta 2000 wani matashi a Amurka ya rubuta sanarwar bogi da sunan kamfanin Emulex, mai yin kayan haɗa kwamfutoci da rumbun ajiyar bayanai, wai shugaban kamfanin ya ajiye aiki, wai hukuma na bincikensu, wai za su sake lissafin ribarsu. Kafafen labaran kasuwa suka ɗauka ba tare da sun bincika ba. Cikin mintuna hannun jarin ya faɗo daga sama da dala 110 zuwa kusan 43, sai da aka dakatar da cinikinsa. Da gaskiya ta fito, kafin a tashi kasuwa ya koma sama da dala 100. Yaron ya sha ɗauri, amma wanda ya sayar a 50 saboda tsoro, kuɗinsa sun tafi.

Ɗan Autan Zaure:
Kun ji ko! Abin da nake faɗa ke nan.

Tsohon Dillali:
Ban gama ba ɗana. A watan Afrilun 2001 aka yi ta raɗe-raɗin cewa Lucent Technologies, babban mai ƙera kayan sadarwa na Amurka a lokacin, zai shelanta karyewa. Farashinsa ya faɗo ƙasa da dala 6 a cikin yini ɗaya. Kamfanin ya fito ya ƙaryata da kakkausar murya, kuma gaskiyarsa, bai karye ba, ya rayu har ya haɗe da Alcatel na Faransa a 2006. Amma wanda ya ce tunda jita-jitar ƙarya ce bari in saya, a Oktoban 2002 ya wayi gari hannun jarin bai kai dala 1 ba. Jita-jita biyu, duka ƙarya. A ɗaya wanda ya sayar ne ya yi kuka, a ɗayar wanda ya saya.

Abu Safiyya:
Ranka ya daɗe ka ƙara rikita ni. To mene ne bambancin su biyun?

Baba Akanta:
Bambancin yana cikin littafin da ka buɗe ka rufe da wuri, Malam Abu. Ita jita-jita ba ka da hanyar tantance ta daga inda kake zaune. Bashin nan kuwa a rubuce yake, kana iya auna shi da kalkuletar wayarka.

Mu fara da abin da mutane da yawa ba su sani ba. A ƙa'idar lissafin kamfanoni, ana rubuta ciniki ne ranar da kaya suka koma hannun mai saye, ba ranar da kuɗi suka shigo ba. In ka miƙa na'urori na miliyan 100 yau, aka ce za a biya ka bayan wata shida, a rahotonka na wannan zangon na wata uku za a ga cinikin miliyan 100 da ribarsa, alhali ko sisi bai shiga asusu ba. Inda za a ga alamar shi ne layin bashin da ake bin kwastomomi. Shi ya sa riba ke iya hawa aljihu yana bushewa.

Ga awon. Ɗauki jimlar bashin, raba da cinikin wata ukun, ninka da 90. Abin da ya fito shi ne kwana nawa kuɗin kamfani ke yi a hannun mutane kafin su dawo. Misali: ciniki 300, bashi 200, kwana 60 ke nan. Zango na gaba ciniki 330, bashi 330, kwana 90. Kanun labari zai ce ciniki ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, a yi ta tafi. Amma bashi ya ƙaru da kashi 65. Kada ka tsaya a zango ɗaya, ka jera takwas a takarda, ka kwatanta kowanne da irinsa na bara, sannan ka kwatanta da kamfanoni biyu masu irin sana'arsa.

Lucent ɗin da Alhaji ya kawo, abin da masu lura suka fara gani ke nan tun 1999, lokacin cinikinsa ya kai wajen dala biliyan 38 a shekara: bashi da kayan da ke jibge a sito suna girma fiye da yadda ciniki ke girma. A Disambar 1999 hannun jarin ya haura dala 80. Janairun 2000 suka ce ba za su cimma abin da aka yi hasashe ba, a Oktoba aka sallami shugaban kamfanin Richard McGinn, kafin shekara ta ƙare suka goge dala miliyan 679 daga cinikin da suka riga suka sanar. Wani ɓangare na wannan kaya ne da aka tura wa dillalai da alƙawarin in ba su sayar ba su dawo da su. A 2004 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci su tarar dala miliyan 25. Duk wannan kumburin bashin ya riga jita-jitar karyewa da fiye da shekara.

Injiniyan Turaku:
Baba, a yi mini afuwa in sa baki, don kada Malam Abu ya ga kwana 90 ya ce shi ke nan ɓarayi ne. Na yi shekaru ina aikin girka irin waɗannan na'urori. Wannan sana'a ba kamar sayar da katin waya ba ce. Kwangila ɗaya tana iya ɗaukar shekara biyu. Akwai kason da ake biya in kaya sun iso, akwai na bayan an girka, akwai wanda kamfanin waya ke riƙewa sai an gwada an tabbatar sabis yana tafiya yadda aka yi alƙawari, an sa hannu a takardar karɓa. Wannan sa hannun kaɗai yana iya cin watanni, wani lokaci saboda abin da bai kai ya kawo ba. Sannan masu sayen 'yan kaɗan ne kuma manya, su ke da ƙarfin faɗa a ji, in suka ce sai bayan kwana 120 za su biya, ba ka da yadda za ka yi. Ga kuma al'adar rufe ciniki a makon ƙarshe na zango, kowa na neman ya cika adadin da aka ɗora masa. Kayan da aka miƙa ranar 28 ga wata dole a gan su cikin bashi ranar 30.

Baba Akanta:
Madalla Injiniya, haka ne. Ƙara da cewa in kamfani ya sayi wani kamfani a tsakiyar zango, bashin sabon gaba ɗaya zai shigo littafi, cinikinsa kuwa na 'yan makonni kawai za a lissafa, sai awon ya yi tsalle ba laifin kowa. Shi ya sa na ce zango takwas. Dalili mai kyau yakan zo ya wuce, kwanakin su koma inda suke. Wanda ba na alheri ba hawa yake yi a hankali ba ya dawowa. Amma maganarka ta makon ƙarshe, takobi ce mai kaifi biyu. In kowane zango sai an yi rububin makon ƙarshe, da ragin farashi da tsawaita lokacin biya, to cinikin gobe ake jawowa yau, kuma goben za ta zo.

Ummu Khalil:
Ni tambayata ga Injiniya. Kamfanin wayar da ke sayen nan, da kuɗin wa yake saye? Don na taɓa karanta cewa wani lokaci mai sayarwar ne ke ba shi rancen.

Injiniyan Turaku:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Ana yi, har gobe. Sabon kamfanin waya ba shi da kuɗin gina turaku dubu, banki yana ɗari-ɗari, sai mai ƙera kayan ya ce karɓi kayana, ni zan ranta maka kuɗin, ka biya in kwastomomi sun taru.

Tsohon Dillali:
Wannan shi ya kashe mutane a 2001. Ku tuna yanayin. A 2000 kamfanonin waya sun zuba fam biliyan 22.5 a gwanjon lasisin 3G na Birtaniya, a Jamus wajen yuro biliyan 50, kafin a kafa turke ko ɗaya. Kowa bashi ya yi masa katutu, masu ƙera kaya kuma suna gasar wanda zai fi ba da rance don ya samu kwangila. Lucent ya yi wa wani kamfanin sadarwa mai suna Winstar alƙawarin rance har dala biliyan 2 don ya sayi kayansa. A watan Afrilun 2001 ɗin nan, makonni biyu bayan jita-jitar da na faɗa muku, Winstar ya shelanta karyewa, har ya maka Lucent a kotu. Kun ga, masu raɗe-raɗin sun kuskure gida ne kawai, gobarar tana maƙwabta.

Motorola kuma ya ranta wa Telsim, kamfanin wayar salula na Turkiyya mallakin iyalan Uzan, kusan dala biliyan 2, Nokia ma ta ba da nata ɗaruruwan miliyoyi. Ba a biya ba. A 2002 suka shigar da ƙara a New York, aka yi ta shari'a shekaru. Daga baya hukumomin Turkiyya suka karɓe Telsim, Vodafone ya saye shi a gwanjo a ƙarshen 2005 a kan dala biliyan 4.55. Abin da ya fi ba masu hannun jarin Motorola haushi shi ne girman bashin da ke kan kwastoma ɗaya tak ba a kanun rahoto suka gan shi ba, can cikin takardun da ba kowa ke karantawa ba ya fito.

Ɗan Autan Zaure:
Amma Alhaji duk labarin shekara ashirin da wani abu ne. Yanzu akwai dokoki, akwai odita, komai yana intanet.

Ummu Khalil:
Lokacin ma akwai odita, Auta. Manya ma kuwa.

Baba Akanta:
Yaron yana da 'yar gaskiya. Bayan abin da ya faru Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta tilasta wa shugaban kamfani da shugaban sashen kuɗi su sa hannu da kansu cewa lissafin daidai ne. Tun 2018 kuma ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa mai suna IFRS 9 ta ce kamfani ya ware kuɗin asarar da yake hasashe a kan bashi tun kafin mai bashi ya kasa biya, ba sai an ga gawa ba. Amma hasashen wa? Na shugabannin kamfanin. Odita zai duba ya ga ko ya yi kama da hankali, shi ke nan. To a nan ne za ka kama abu na biyu, Malam Abu. Nemi adadin da suka ware don bashin da ake shakkar dawowarsa, ka raba da jimlar bashin. In bashi yana hawa, kwanakin biya suna tsawo, amma kason da aka ware yana raguwa, ka tambayi kanka me ya sa kwastomomin da suka fi jinkiri suka zama sun fi aminci. Duk abin da ba a ware ba, riba ce a takarda.

Na uku, a bayanan da ke bayan rahoton shekara akwai jadawalin shekarun bashi: wanda lokacinsa bai yi ba, wanda ya wuce da kwana 30, da 90, da sama da haka. Na huɗu, in kwastoma ɗaya ya kai kashi 10 cikin 100 na ciniki, dole su faɗa, ko da ba su ambaci sunansa ba. Wannan shi zai gaya maka ko jita-jitar da ka ji, in ta tabbata, ƙwarzane ce ko karaya.

Abu Safiyya:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ina rubutawa. Amma akwai wani layi da na gani daban, wai kadarorin kwangila, shi ma ya ƙaru. Shi ma bashi ne?

Baba Akanta:
Ƙanin bashi ne. Aiki ne da kamfani ya ce ya yi, ya rubuta shi a ciniki, amma bai kai matakin da zai aika takardar neman biya ba. Irin abin da Injiniya ya bayyana, ana jiran sa hannu. Haɗa shi da bashin ka sake awon. Ka kuma leƙa ƙasa cikin kadarori masu dogon zango, don in aka sake wa kwastoma lokaci zuwa shekara biyu ko uku, bashin yakan bar layin da kowa ke kallo ya koma can da wani suna, rancen kwastomomi ko makamancin haka. Wata dabarar kuma ita ce sayar wa banki bashin a kan ragi kwana kaɗan kafin rufe littafi. Layin ya sauka, tsabar kuɗi ta ƙaru, kowa ya ji daɗi. Ba haram ba ne a ƙa'ida, amma ka karanta ka ga in kwastoman bai biya ba, wa banki zai bi.

Mai Kallo Daga Gefe:
Ni duk wannan lissafin ya fi ƙarfina. Ba za a duba tsabar kuɗin da suka shigo kawai a huta ba?

Baba Akanta:
Hanya mafi sauƙi ke nan, kuma mai kyau. Rahoton shige da ficen kuɗi, sashen farko, kuɗin da ainihin sana'a ta kawo. Jera shi kusa da riba na shekara uku. In riba tana gaba kuɗi suna baya kullum, akwai magana.

Ummu Khalil:
Baba a nan zan ɗan ja da kai, da girmamawa. WorldCom fa, babban kamfanin wayar nan na Amurka? Su ba ta bashin kwastomomi suka yi babbar ɓarnarsu ba. Kuɗin da suke biyan wasu kamfanoni na hayar layi, wanda kashewa ce ta yau da kullum, suka mayar da shi kamar sun sayi kadara. Dala biliyan 3.8 aka fara ganowa a Yunin 2002, daga baya abin ya kai wajen biliyan 11. Kuma wannan dabarar tana ƙawata daidai layin da ka ce a duba, don kuɗin sun bar sashen sana'a sun koma sashen zuba jari. Wanda ya tsaya a sashen farko zai ga kamfani lafiya lau. A Yuli suka karye, tsohon shugabansu Bernard Ebbers ya samu ɗaurin shekara 25 a 2005. Ma'aikatan binciken cikin gida ne, ƙarƙashin Cynthia Cooper, suka tono shi, ba masu kallo daga waje ba.

Baba Akanta:
Na karɓa Hajiya, kin gyara mini. Sai a cire abin da aka kashe a kan kadarori daga kuɗin sana'a, a ga me ya rage. Wannan ragowar ba ta damu da wane sashe aka ajiye kashewar ba. Amma gaskiya ɗaya ce, in shugabanni suka haɗa baki suka shirya ƙarya, ni da ke da kalkuleta ba lallai mu gano ba. Abin da muke iyawa shi ne mu ga inda lambobi ba sa tafiya tare.

Ɗan Autan Zaure:
To in haka ne kowa ya sayar da komai ya zauna mana.

Tsohon Dillali:
Ba haka ba ne. Tambayar ita ce nawa ka sa, kuma kuɗin wa. Malam Abu, abu biyu nake so ka amsa wa kanka, ba sai ka faɗa mana ba. Wannan kamfanin kashi nawa ne na duk abin da ka tara? Kuma akwai rancen dillali a ciki, wato kuɗin da dillali ya ranta maka ka sayi hannun jarin? Don na ga mutanen da hasashensu daidai ne amma aka sayar musu da hannun jari da ƙarfi a ƙasan rami, saboda farashi ya taɓa iyakar da dillali ya gindaya, ba su da abin cikawa. Irin wannan sayarwar dole ita ce ke ƙara tura farashi ƙasa, na ƙasa ya jawo na gaba, sai mai kallo ya zaci wani sabon labari ne ya fito alhali babu.

Sannan ka cire farashin da ka saya daga ranka. Kasuwa ba ta san shi ba. Nortel na Kanada, shi ma mai ƙera kayan sadarwa, a tsakiyar 2000 ya haura dalar Kanada 120, shi kaɗai ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na darajar babban ma'aunin kasuwar Toronto. Mutane sun saya a 80 suna cewa ya yi arha, sun ƙara a 40, sun ƙara a 10. Janairun 2009 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Ko da aka sayar da haƙƙin fasahohinsa dala biliyan 4.5 a 2011, masu bashi da 'yan fansho ne suka yi ta shari'a a kai. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi.

Mai Kula da Zaure:
Tunatarwa: wasu biyu sun turo saƙo suna hasashen sunan kamfanin, na goge. Mai tambaya ya ce ba zai faɗa ba, a bar shi haka. Kuma duk wanda ya turo hoton wata magana ba tare da an san inda ta fito ba, zan cire.

Injiniyan Turaku:
Ƙarin abu ɗaya da ba sai ka iya akanta ba. In kana zargin wane ne babban kwastoman, kuma shi ma yana kasuwar hannun jari, buɗe nasa rahoton. Bashin da naka kamfanin ke bi, a littafin wancan yana cikin abin da ake binsa. Duba ko yana rage kasafin gina turaku, ko yana neman a sake masa lokacin biyan bankuna. Mu ma'aikata tun kafin jarida ta sani muke gani, in aka fara dakatar da odar kayan gyara ana cewa a ciro daga tsohon turke a sa a sabo.

Abu Safiyya:
Na dawo. Jiya da daddare na zauna da rahotanni takwas kamar yadda Baba ya ce. Kwanakin sun tashi daga saba'in da 'yan kai zuwa sama da ɗari, kuma ba tsalle ɗaya ba ne, zango biyar a jere suna hawa. Da na haɗa da kadarorin kwangila abin ya fi haka. Kason da suka ware don bashin shakka bai motsa ba. Kwastoma ɗaya ya haura kashi 10 ɗin, ba su faɗi sunansa ba. A gefe guda kuma bashin da ake binsu ba shi da yawa, babu babban biyan da ke gabansu sai nan da shekara biyu, kuma akwai kuɗi a asusu. Ba rancen dillali a kaina, alhamdulillahi, amma na sa fiye da yadda ya kamata.

Ɗan Autan Zaure:
Ka ga ba za su karye ba ke nan. Jita-jitar ƙarya ce.

Ummu Khalil:
Auta har yanzu kana kan Emulex, mu muna kan Lucent.

Baba Akanta:
Maganar bankuna sun gudu, lambobinka ba su goyi bayanta ba. Maganar kwastoma yana jinkiri kuwa, biri ya yi kama da mutum. Abin da zan sa ido a kai shi ne ranar da za su ce sun ware babban kaso lokaci ɗaya, don in kwanakin nan suka ci gaba da hawa kason bai motsa ba, ranar tana tafe, kuma daga riba za a cire. Ba zan ce maka sayar ko riƙe ba. Amma in za su yi taron wayar da suke yi da masu nazari bayan rahoto, saurari ko wani zai tambayi nawa aka karɓo daga wannan bashin tun bayan rufe zango. Amsa da lamba daban, amsa da dogon Turanci daban.

Abu Safiyya:
Na rage kashi ɗaya cikin uku yau da safe, a kan asara, don in samu barci. Sauran zan jira rahoton da zai fito nan da mako uku. Baba, jadawalin shekarun bashin nan ban same shi a rahoton wata uku ba, sai a na shekara. Haka ake yi ko ni ne ban iya nema ba?

Baba Akanta:
Haka ake yi, na wata uku taƙaitacce ne, yawanci ba sa sa shi. Rubuta wa sashen hulɗa da masu zuba jari ka tambaya, adireshinsu yana shafin ƙarshe. Ba za su ba ka abin da ba su ba kowa ba, amma ka lura da kwana nawa za su yi kafin su amsa. In rahoton ya fito, turo mana lambobi huɗun nan ba tare da suna ba, mu sake awon tare.